Ƙofar da Na Sa Ta Kalli Gabas

Mahaifina magini ne, maginin ƙasa. A Kausani da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da wuya ka ratsa unguwa ba ka wuce zauren da shi ya ɗora wa azara ba. Ni kuwa boko aka sa ni, na zama malamin sakandare a cikin garin Wudil, ina koyar da labarin ƙasa. Ban taɓa mulmula tubali ɗaya ya fito yadda Baba yake so ba.

A daminar ƙarshe ta mulkin soja ɗaki ya rufta wa mahaifiyata. An kwana uku ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Rana ta huɗu da hantsi ya tsagaita, kowa ya fito tsakar gida, ita kuma ta koma ɗaki ta ɗauko tsabar da za ta aika niƙa. Bangon gabas ne ya zame, rufin ya biyo shi. Kafin maƙwabta su yaye ƙasa da azara, rai ya yi halinsa. Ɗakin nan Baba ne ya gina mata da hannunsa tun tana amarya.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba a wurin makoki. Kafin damina ta faɗi, Baba ya aiko cewa in zo da hutu mu sake wa ɗakin Inna yaɓe, domin gwiwoyinsa sun daina yarda da hawa tsani. Na ce to. Sai aka kira mu bita a Kano, na tafi, na ce in na dawo. Da na dawo makaranta ta koma, sannan ruwa ya zauna. Matata kaɗai ta san da saƙon nan, don ita aka tarar a gida aka bar wa.

Daga ranar Baba bai sake taɓa ƙasar gini ba. Ya koma gidan yayata da ke aure a nan Kausani, yana wuni a gindin darbejiya da carbinsa. Ni kuma na ɗauki wata irin ƙiyayya na ɗora wa ginin ƙasa. A lokacin muna haya a wani gidan ƙasa mai rufin kwano, kuma duk hadarin da ya taso sai na fita na zagaya bango ina latsa shi da yatsa. Na ƙudurta a raina cewa idan Allah ya hore mini, da dutse da kankare zan yi gini, abin da ko kogi ya biyo ta kansa ba zai motsa ba.

Da sojoji suka miƙa mulki aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Na haɗa da bijimai biyu da nake kiwo, na sayi fili a bayan gari. Na yi sa'a da na yi sauri, domin ba a daɗe ba aka buɗe jami'a a Wudil, filaye suka fi ƙarfin irinmu. Filin nawa doguwar tsiri ne, hanya ta bi ta gabashinsa, ta yamma kuma gonar wani ce.

Sai dai ga fili, ga niyya, amma ban san irin gidan da nake so ba. Na san abin da ba na so kawai. Don haka na sayi littafin rubutu mai bangon kwali, na shiga yawon kallon gidajen mutane.

Shekarun nan gini ake ko'ina. Wanda jiya kuke layin babur tare, yau ya ci kansila, gobe tifa tana juye yashi a ƙofar gidansa. Gidajensu duk kama ɗaya: ginshiƙai biyu dogaye a gaba kamar na banki, fenti ruwan hoda, ƙyauren ƙarfe mai zanen zinare. Nakan tsaya daga tsallaken hanya in zana, har wata rana wani mai gadi ya biyo ni da sanda yana tambayar wanda ya aiko ni. Ranar Asabar sai in hau mota in tafi Kano, in yi ta zagaya unguwannin manya a ƙasa, ina leƙen rufi da tagogi ta saman katanga. Na tara kalandun kamfanonin fenti. Har ƙarƙashin gadar Wudil na sauka, inda masu ɗiban yashi suke aiki, na tsaya ina kallon ƙafafun kankaren nan da ruwa yake duka shekara da shekaru bai ci komai a jikinsu ba. Na shafa su da tafin hannuna. Masu yashi suna ta kallona.

Duk abin da na zano nakan nuna wa matata. Mace ce mai haƙuri da ƙarancin magana, amma ba ta yi mini kara a kan wannan ba. Takan goge hannunta a zani, ta karɓi littafin ta juya shi sama da ƙasa.

"Malam, to a nan ina zan yi shanya?"

"Ga bayan gida nan."

"Ina turmi zai zauna? In mata suka zo barka ko gaisuwa, a ina zan shimfiɗa musu?"

"A falo mana."

"Falon da baƙinka suke ciki?"

Sai in karɓe littafina in ce ba ta gane zamani ba. Wata rana ta ce, a hankali, tana tankaɗe ba ta ko dube ni ba, "Ga Baba can yana zaune ba ya komai. Da ka kai masa ya duba." Na ce ginin dutse daban, ginin ƙasa daban. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Abin da nake nema na same shi a hannun wani malamin jami'a da ya kama haya kusa da mu. Mutumin Bauchi ne amma a Jos ya tashi, mai fara'a, muna haɗuwa a masallacin unguwa. Da ya ji ina son ginin dutse ya ce in biyo shi ɗaki. Ya ɗauko wani kundin hotuna na iyalinsa, ya buɗe mini hoton gidan da mahaifinsa ya zauna lokacin yana aiki a can. Gida ne na dutse tsantsa, kowane dutse da launinsa, an bi tsakaninsu da siminti an fito da layi. Doguwar baranda a gaba, manyan tagogin gilashi daga ƙugu har kusa da rufi, ƙofa a tsakiya tana kallon titi. Babu zaure, babu katanga, furanni ne kawai.

Na daɗe ina kallon hoton nan. Ban ga ta inda ruwa zai ci wannan gida ba.

"Dakta, ka ara mini shi kwana biyu."

Ya zaro ya ba ni yana dariya. "Amma fa Malam, can garin sanyi ne. Mu a gidan nan har wuta muke hurawa a falo. Wudil kuwa ka san halinta."

Na ce dutse ai sanyi gare shi. Ya ce shi dai lissafi yake koyarwa, ba gini ba, ya bar ni.

Sati uku na yi ina zane. Na ɗauki fuskar gidan hoton yadda take, na ara ginshiƙai biyu daga gidajen 'yan siyasa na kafa wa barandar, na ce rufi kuma na kankare za a zuba shimfiɗe, irin na gada, don kada in sake ganin itace a saman kaina. Tun da hanya tana gabas, ƙofa da manyan tagogi duk gabas suka kalla. Tsakar gida kuwa ɗan siririn wuri na bari a baya, bai fi a shanya zani uku ba.

Na sami birkila, wani dattijon mutum da ya yi aikin kwalbatoci da kamfanin hanya, ya iya dutse. Ya dubi zanen ya ce duk abin da mai gida yake so shi za a yi. Aka kawo dutse daga can wajen Birnin Kudu, yashi daga kogi. Muka ja igiya, muka zuba toka a kan layi, aka fara haƙa harsashi.

Ranar wata Juma'a, ranar kasuwar Wudil, ina tsaye a filin da hantsi sai ga ɗan acaɓa ya tsaya, Baba ya sauko da ƙyar yana dogara sanda. Ban gaya masa an fara ba. Wurin yayata ya ji. Na durƙusa na gaishe shi, ma'aikata suka bar shebur suka zo suka gaishe shi, don birkilan ma ya san shi. Matata ta kawo wa ma'aikata kunu, tana gefe da ɗanmu a baya.

Baba ya bi layin tokar nan a hankali, daga kusurwa zuwa kusurwa. Ya ɗauki dutse ɗaya ya jinjina, ya ƙwanƙwasa shi da sandarsa ya saurara, ya ce, "Dutsen mai kyau ne." Rabon da in ga idonsa ya yi haske haka tun Inna tana da rai. Ya zo inda aka bar gurbin ƙofa ya tsaya, ya ɗaga kai ya dubi rana.

"Nan ce ƙofar?"

"Nan ce, Baba."

"Waɗannan fa?"

"Tagogi ne. Na gilashi."

Sannan ya ce, "Malam," don haka yake kirana tun da na fara koyarwa, "ruwan ƙasar nan ta gabas yake zuwa, kuma a kwance yake zuwa. Ba a buɗe masa baki. Ka juya ƙofar ta kalli kudu, ka sa zaure a gaba. Tagogin nan ka rage su, ka ɗaga su sama. Rufin kuma, in shimfiɗe za ka yi, ka ba shi gangara, ka fitar masa da indararo."

Ba da faɗa ya yi maganar ba. Amma a gaban ma'aikata ya yi ta, birkila yana gyaɗa kai, kuma na ga shekara biyu na yawo da zane suna neman tashi a banza. Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne, abin da ya faɗa game da iskar damina ni da kaina nake zana wa ɗalibai shi a allo kowace shekara. Na sani sarai. Amma bakina ya riga hankalina.

Na ce, "Baba, ka bar ni da nawa. Naka ginin ai mun ga ƙarshensa."

Wani lebura ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa. Baba ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. Ya ce, "Haka ne." Ya juya wurin matata ya ce, "'Yar nan, ba ni ruwa in sha." Ta durƙusa ta miƙa masa. Ya sha, ya shafa kan yaron, ya yi wa ginin addu'a da ƙarfi yadda kowa zai ji, muka shafa. Na ce zan kai shi masallacin Juma'a a babur ɗina. Ya ce a'a, yana da wanda zai gani a kasuwa.

Da muka koma gida matata ta ajiye mini abinci, ta zauna nesa. Can ta ce, "Malam, saƙon yaɓen ɗakin Inna fa ni aka bar wa." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ban iya cin abincin ba.

Ginin ya ci shekara biyu. Ana yi ana tsayawa. Da an tashi daga makaranta sai in cire riga in shiga cikin leburori, ina ɗaukar dutse, ina kwaɓa siminti, har tafin hannuna ya tsattsage alli ya riƙa yi mini zafi. Ranar zuba kankaren rufi muka wuni tun asuba muna miƙa kwano sama, ba a tsayawa don kada ya bushe rabi da rabi. Mutane suna tsayawa a hanya suna kallo, wasu su ce gidan Turawa, wasu su ce kurkuku. Ina jin daɗin duka biyun.

A cikin shekarun nan ina zuwa Kausani duk wata. In gaishe da Baba, ya amsa, ya tambayi iyali da makaranta da ɗalibai, har da lafiyar babur. Ginin ne kawai bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa ambata ba. Sau da yawa nakan shirya kalmomin ban haƙuri a kan hanya, in na zauna a gabansa sai su maƙale. In ce wata mai zuwa.

Ana saura 'yan watanni mu tare, Baba ya faɗi a wurin alwala. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Muka kai shi asibiti a Kano, aka yi abin da za a iya, muka dawo da shi gidan yayata. Yana gane kowa, amma magana sai kalma ɗaya ko biyu, ita ma sai ka kasa kunne.

Mun tare a tsakiyar bazara. Tun satin farko gidan ya nuna mana halinsa. Da rana ta fito take shigowa ta gilasan nan kai tsaye, kafin ƙarfe tara falo ya zama kamar gidan burodi. Rufin kankare ya wuni yana shan rana, dutse ma haka, sannan su yi ta amayo zafin har wayewar gari. In ka jingina da bango sai ka zabura. Wutar lantarki kuwa ba a maganarta, fankar silin ta zama ado. Yaronmu ya fito da ƙuraje a wuya da baya, jaririyar da muka samu a lokacin ba ta daina kuka. Matata ta rataya tsofaffin zannuwa a kan tagogin da na yi ta alfahari da su, ta kwashe yara ta koma ɗan siririn wurin nan na baya, nan take girki, nan take wanki, nan suke kwana a tabarma.

Na ce a yi haƙuri, damina tana zuwa.

Ta zo ranar wata Talata bayan la'asar. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta taso da ƙasa, sannan ruwa ya biyo a kwance, daidai yadda aka faɗa mini. Barandar ba ta tare komai ba. Ruwa ya riƙa dukan ƙofa yana shigowa ta ƙarƙashinta kamar an buɗe famfo, yana tsartuwa ta gefen kowace taga. Gilashi ɗaya ya tsage daga sama har ƙasa. Kafin a jima falo ya zama tafki, takalman yara suna yawo a kai. Muka naɗe darduma, muka ɗora littattafaina a kan kujera. Matata ta ɗaure zani ta kama tsintsiya tana kora ruwa waje, iska tana maido mata da shi.

Washegari na hau rufi na tarar da ruwa kwance har idon sawu, ba shi da hanyar fita. Bayan kwana biyu silin ɗakinmu ya yi jirwaye, ya fara ɗiga a kan gado. Gidan bai motsa ba, ko tsaga babu a jikin dutsen. Abin da na nema na samu. Zama ne kawai ba ya yiwuwa a cikinsa.

Ranar Asabar na tafi Kausani. Na tarar yayata ta fito da Baba rumfa, ta jingina shi da matashi. Ya rame ƙwarai, hannun damansa yana kan cinyarsa kamar ba nasa ba. Na gaishe shi, na zauna a ƙasa. Kaji suna tono a gefenmu.

Na ce, "Baba, ruwa ya shiga gidan."

Ya juyo da idonsa.

"Ta ƙofa, da tagogi. Rufin ma yana riƙe ruwa. Zafi kuma ya hana yara sakat. Duk abin da ka faɗa, haka ya faru."

Na zaci zan ga wani abu a fuskarsa, ko da ɗan murmushin wanda gaskiyarsa ta fito. Ban gani ba. Ya ɗaga hannun hagu ya nuna bayan ɗaki, ya ce wata kalma da ban gane ba. Yayata ce ta gane. Ta ce, "Ƙasa yake so." Ta je ta ɗebo jar ƙasa a tsohon kwano, ta zuba ruwa ta kwaɓa, ta ajiye masa faifai a kan cinya.

Shekara biyar rabonsa da taɓa ƙasar gini. Ya sa hannun hagu a ciki ya daɗe yana murzawa. Sannan ya fara. Hannu ɗaya ba ya iya tsayar da bango, sai ya dube ni, na matso na tallafe masa. Ya yi dogon akwati, gidana ke nan, har da ginshiƙan biyu, ya yi su da ɗan tsinke. Sau ɗaya ya ga harsashin, amma bai manta ko kusurwa ɗaya ba. Ya ja katanga a gabansa ta gabas, doguwa, ta bar fili tsakaninta da baranda. A kusurwar kudu ya ɗora ɗan ɗaki, ya huda masa ƙofa da yatsa ta kudu, ya huda wata ta ciki a karkace yadda na waje ba zai hango tsakar gida ba. Ya lallatse manyan tagogin ya toshe, ya soka ƙanana a sama. Daga ƙarshe ya karɓi murfin gwangwani a hannun yayata, ya kafa ƙananan tsinkaye a kan rufin, ya ɗora murfin a karkace, ya hura iska ta tsakaninsu da gefen bakinsa mai motsi, ya dube ni ko na gane. Na gane: rufin kwano a saman kankaren, da sarari a tsakani don iska ta ratsa.

Aikin ya ɗauke shi fiye da awa ɗaya, gumi yana zuba a goshinsa. Yayata ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana fyace hanci.

Hannuna yana cikin ƙasar tare da nasa na ce, "Baba, ka yafe mini maganar da na faɗa maka. Kuma ka aiko in zo mu yi wa ɗakin Inna yaɓe, ban zo ba. Da na zo..."

Ya girgiza kai. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyar wuyansa ta tashi. Ya bugi ƙirjinsa da hannun da ke da ƙasa, ya bar shaida a rigarsa.

"Ni... na ga tsagar," ya ce. Ya huta. "Na ce... bayan ruwa."

Sai a ranar na san cewa shi ma ya ga tsagar bangon Inna ya jinkirta gyara, duk shekarun nan yana ɗauke da nasa nauyin, ina ɗauke da nawa, kuma a kan wannan ciwon na ɗora masa maganata a gaban mutane. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya gaji, idonsa yana lumshewa. Ya tura mini faifan da yatsa, alamar in ɗauka in tafi da shi.

Na ɗauro shi a bayan babur cikin kwali, ina tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na kai wa birkila. Ya tsuguna ya daɗe yana dubawa, ya ce, "Wannan ai ba ya buƙatar takarda." Na sayar da babur ɗin, muka fara a cikin damina, ana yi ruwa yana korar mu. Muka toshe tagogi da ragowar dutse, muka ɗora rufin kwano a saman kankaren, muka ja katanga, muka tayar da zaure. Filin da ke tsakanin katanga da baranda ya zama tsakar gida. Tun ba a gama ba matata ta kawo turminta ta ajiye, ta ɗaura igiyar shanya daga wannan ginshiƙi zuwa wancan.

Na gaya wa Baba cewa ranar Juma'ar da za a gama rufin zaure zan ɗauko mota a kawo shi ya gani. Ya gyaɗa kai. Yayata ta ce har ya sa ta wanke masa babbar rigarsa.

Ranar Laraba da hantsi, ina cikin aji, aka aiko. Baba ya cika bayan ya karya kumallo, ba tare da wani ciwo sabo ba. Muka binne shi a Kausani kafin azahar.

Bayan addu'ar uku na dawo Wudil, domin abokan aiki da maƙwabta su sami inda za su yi mini gaisuwa. Kafinta ya ƙarasa rufin zauren a bayana. Ƙasan zauren ba a yi masa daɓe ba tukuna, sai muka baza yashi muka shimfiɗa tabarmi. Mutanen da suka fara zama a cikinsa masu ta'aziyya ne. Malamin jami'ar nan ya zo, ya zauna kusa da ni, bayan an shafa fatiha ya ɗaga kai yana duban bango da ƙofar da ke karkace. Ya ce, "Malam, wannan ba ya cikin hoton da na ba ka." Na ce ba ya ciki.

Da la'asar hadari ya taso, aka yi ruwa mai ƙarfi. Muna jin sa yana dukan katanga ta baya. Ba wanda ya tashi, ba wanda ya janye tabarma. Wani tsoho a cikin masu gaisuwa ya ci gaba da ba da labarin rumbun da Baba ya gina wa mahaifinsa a Utai, wai har yanzu ana zuba dawa a ciki.

Muna cikin gidan har yau. Zafin ya ragu amma bai tafi ba, dutse dutse ne. Watanni biyu na bazara a tsakar gida muke yin su. Falon ya zama duhu tun da aka toshe tagogi, ba mai zama a ciki sai buhunan hatsi da kekunan yara. Yayata ta rasu shekaru kaɗan bayan Baba, gidan da aka haife mu kuma ya zama fili, wani ɗan uwanmu yana shuka kuɓewa a wurin. Rabona da Kausani tun sallar bara.